Yadda za ka haɗa ɗakin tuƙin jirgin sama a gida, a nan Maradi, da katako da kayan gwangwan

Tun ranan da wasu abokai sunka shigo ɗakina sunka ga kujerar mota da sitiyari da talabijin a kusurwa, tambaya ba ta ƙare ba, wanga ya ce nawa ka kashe, wancan ya ce daga Dubai anka kawo maka. Wallahi ba daga Dubai ba ne, kusan komai a cikin garin nan na samo shi, ƴan ƙananan kayan lantarki ne kawai na yi saƙo Kano. Shi ya sa na ce bari in zamna in rubuta shi daki-daki yadda wanda ke da sha'awar jirgi irin tawa zai iya bi, kar ya yi ɓarnar kuɗɗin da na yi.

Kar ka raina kanka don kayanka na hannu ne. Na'urar koyon tuƙin jirgi da ta fara yin suna a duniya, wani ba'amurke Edwin Link ya ƙera ta a 1929, kuma da zugazugin kayan kiɗa na masana'antar babanshi ya sa ta motsi. Zugazugi fa, irin abin da maƙeranmu sunka sani tun kaka da kakanni. Da ita anka horar da matuƙa masu ɗimbin yawa lokacin yaƙin duniya na biyu.

Mataki na farko: kar ka sayi katako tukuna

Nan ne kowa ke faɗawa rami. Mutum ya ga hoton ɗakin Boeing 737 a Facebook sai ya ruga wajen kafinta, bayan wata biyu akwati ya cika mashi ɗaki shi ko tashi daga ƙasa bai iya ba. Fara da manhajar koyon tuƙin jirgi a kwamfuta da manet ta wasan bidiyo, irin wadda yara ke buga ƙwallo da ita, ka yi sati uku ko huɗu kana tashi kana faɗuwa. A nan za ka san ko son gaske kake yi, kuma za ka gane wane maɓalli hannunka ke nema kullum, shi ne za ka fara ƙerawa.

Kuma ka zaɓi jirgi GUDA. Ni shawarata Cessna 172, ƙaramin nan mai inji ɗaya da kujera huɗu wanda anka fara saidawa a 1956, an ƙera sama da 44,000, babu jirgin da anka ƙera da yawa kamar shi a tarihi, kuma da shi makarantun tuƙi da dama ke fara koyarwa. Maɓallanshi kaɗan ne, yana cikin kowace manhaja, kuma faɗin cikinshi kusan mita guda ne kawai, zai shiga kusurwar ɗaki ba tare da uwargida ta yi maka yaji ba.

Mataki na biyu: manhaja da kwamfuta

Uku ne a gabanka. Microsoft Flight Simulator, wadda asalinta tun 1982, sabbin fitowarta na 2020 da 2024 sun fi kowace kyan gani, amma suna jawo hoton ƙasa daga intanet kana cikin tuƙi, ta 2024 ma kusan rayuwarta duk bisa intanet take. In da forfe na waya kake aiki, megas ɗinka za su ƙare kafin ka kai Cadawa. Ta 2020 kuma wajen giga 150 take nema a faifai. Sai X-Plane, ta 11 ko ta 12, da zarar ka sauke ta kusan komai yana cikin kwamfutarka, kuma wajen sakawa tana barinka ka zaɓi yankin duniyar da kake so, ka ɗauki yammacin Afirka kawai ka bar sauran. Tana da ta gwaji kyauta mai minti 15, ka fara da ita ka ga ko kwamfutarka za ta ɗauka. Ta uku FlightGear, kyauta ce gaba ɗaya, ba ta kai su kyau ba amma jirgin da take buɗewa da shi ma Cessna 172 ne kuma an yi shi da kyau ƙwarai.

Ni X-Plane 11 nake amfani da ita, don ita ta fi dacewa da tsohuwar kwamfuta da intanet ɗinmu. Ka nemi RAM giga 16, katin hoto mai giga 4 nashi na kanshi irin GTX 1050 Ti ko 1650 zuwa sama, da faifan SSD. In kwamfuta ƴar Kwatano za ka saya, kar ka yarda da baki, a kunna ta gabanka ta yi aiki mai nauyi na rabin awa ka ji ko fankarta na kuka ko tana mutuwa da kanta. Ƴan ofis ɗin nan sirara masu arha, yawancinsu babban katin hoto ba ya shiga cikinsu kuma akwatin wutarsu ƙarami ne, a kula.

Mataki na uku: kujera, sannan komai ya biyo ta

Ka je wajen masu saida tsoffin kayan mota ka nemi kujerar gaba, ka tabbata da ƙarfen zamiyarta na ƙasa anka ba ka kuma yana aiki, don in ƙaninka ko ɗanka zai zamna sai ya matso da ita gaba. Ka wanke ta ka shanya. Sai ka ɗora ta bisa bulo ko akwati har tsayin mazaunin ya kai wajen santimita 35 zuwa 40 daga ƙasa, ka zamna, ka miƙa hannu kamar kana riƙe da sitiyari, ka miƙa ƙafa kamar kana taka feda, wani ya auna da mita ya rubuta. Jikinka ne ma'auni, ba hoton intanet ba.

Kafin ka kai ma kafinta, yanka kwali ka yi allon gaba da shi, ka zana inda kowane abu zai zamna ka kwana biyu kana gwadawa. Ni kwalin firij na samu. Da na kai ma dattijon kafintan unguwarmu ya juya shi ya sake juyawa ya ce, ɗana wannan teburin mai shayi ne ko me? Na ce Baba jirgin sama ne. Ya yi dariya har ya aje zarto, amma da na nuna mashi bidiyo a waya sai ga shi shi ke ba ni shawara, shi ne ma ya ce a ɗaura komai da ƙusa mai zare kar a buga ƙusa, don ranar da zan tashi daga gidan haya in kwance abina in tafi da shi. Ya yi gaskiya.

Firam ɗin a yi shi da falanki mai kaurin milimita 12 ko 15, amma fuskar allon da maɓallai za su shiga kar ta wuce milimita 5 ko 6, in ta yi kauri wuyan maɓallin ba zai fito ba balle ka ɗaure shi da noti. Faɗin santimita 60 zuwa 70 ya isa gefen matuƙi ɗaya. A shafa maganin gara, a sa ƙafafun roba ko ƙarfe kar katako ya taɓa ƙasa, kun dai san aikin gara a garin nan. Fenti toka-toka mai duhu wanda ba ya ƙyalli.

Mataki na huɗu: sitiyari, a nan aikin yake

In kana da hali ka sayi na kanti, Logitech na da shi, Honeycomb Alpha ya fi shi, ko sandar tuƙi irin Logitech Extreme 3D Pro ko Thrustmaster T.16000M. Amma in za ka ƙera, ga yadda nawa yake.

Sitiyarin jirgi motsi biyu gare shi. Ka juya hagu da dama jirgi ya karkata, ka ja ko ka tura hancinshi ya ɗaga ko ya sunkuya. Na samu bututun ƙarfe mai santsi tsawon santimita 50, na zura shi cikin boris biyu na moto don ya riƙa juyawa, boris ɗin na ɗaure su bisa wani ɗan katako, katakon kuma na ɗora shi bisa ƙarfen zamiyar dirowa guda biyu, irin mai ƴan ƙwallaye a ciki ba mai tayar roba ba. To kun ga bututu na juyawa, katako na gaba da baya. Tafiyar santimita 15 zuwa 18 ta isa, ka sa katako ya tare shi a kowane ƙarshe. Mariƙin kuma mai walda ya lanƙwasa mani ƙarfe kamar ƙahon sa, na naɗe da robar hannun keke.

Don ya riƙa komawa tsakiya da kanshi, robar cikin tayar moto na yanka sirara na ɗaure gaba da baya, hagu da dama. Tana aiki sosai amma zafi na cinye ta, duk bayan ƴan watanni sai ta tsattsage, in ka samu sifirin ya fi. Abin lura ɗaya, ƙarfin jan ɓangarorin biyu ya zama daidai, in ba haka ba jirginka kullum zai riƙa jan gefe kana zargin manhaja.

Yanzu yadda kwamfuta za ta san ka motsa. Abin da ake sawa shi ne irin abin ƙara sautin rediyo, masu gyara na ce mashi bolim, mai ƙafa uku. Ka nemi wanda anka rubuta B10K a jikinshi. Don Allah ka duba harafin da idonka. Ni na farko A10K anka ba ni a wani shago, mai shagon ya ce duk ɗaya ne, na yi sati ina fama, in na juya hagu jirgi ya yi kamar bai ji ba, in na juya dama ya kife gaba ɗaya. Ashe mai A na sauti ne, lissafinshi ba ya tafiya daidai-wa-daida, mai B shi ne ke ƙaruwa sannu a hankali daga farko har ƙarshe. Na juyawa ka haɗa shi da gindin bututun kai tsaye da guntun tiyo. Na ja da turawa kuma ko ka samu bolim mai zamiya na tsohuwar na'urar masu kiɗan biki, ko ka ciro bel da haƙoran roba daga matacciyar firinta ka sa su juya shi. Matacciyar firinta taska ce, akwai sandar ƙarfe mai santsi a ciki da sifirin da ƙananan kusoshi, masu gyaran kwamfuta sau da yawa zubarwa suke.

Amma ga gaskiyar da na koya da hunturu. Ƙura na shiga cikin bolim, sai ka ga sitiyarin cikin allo yana rawa shi kaɗai kamar mai jin sanyi. Maganin dindindin shi ne ɗan firikwensin maganaɗisu mai lamba 49E, shi ma ƙafa uku, ka manna maganaɗisu a bututu shi kuma ka kafe shi kusa, babu abin da ke gogar wani balle ya cinye ko ƙura ta dame shi. Saitinshi na buƙatar haƙuri, kana matso da shi kana ja da baya har ka samu tazarar da ta dace. In za ka yi saƙon kaya, sa guda biyar a ciki.

Mataki na biyar: ƙwaƙwalwar abin

Hanya mafi arha, ka farke tsohuwar manet mai USB, ka cire ƴan sandunanta ka jona wayoyin bolim ɗinka a gurbinsu, maɓallanta ma haka. Duk mai gyaran waya da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai yi maka. Hanyar da ta fi kuma ita ce Arduino, wani ɗan allon lantarki da ake loda ma shiri, amma ba kowane ba, ka nemi Leonardo ko Pro Micro, masu guntu ATmega32U4, don su ne kwamfuta ke gani kai tsaye a matsayin sandar wasa in ka loda masu ɗan shirin Joystick. Uno ba ya yin haka da sauƙi, kar a liƙa maka shi.

Haɗin ba wuya. Ƙafar bolim ta gefe ɗaya zuwa 5V, ta ɗaya gefen zuwa GND, ta tsakiya zuwa A0, na biyu A1, haka har ka gama. Arduino ɗin zai karanta motsin daga 0 zuwa 1023. Maɓalli kuma ƙafa ɗaya zuwa fil, wato ɗaya daga cikin wuraren jona waya masu lamba a jikin Arduino, ɗayar zuwa GND, a cikin shirin ka sa INPUT_PULLUP. Waya kuwa ka samu guntun kebul na intanet, akwai siraran wayoyi 8 masu launi daban-daban a ciki, kuma ka rubuta a littafi wane launi ya tafi ina, wallahi bayan wata guda ba za ka tuna ba. In lamba na ɗan rawa, sa ƙaramin kafasita 100nF tsakanin ƙafar tsakiya da GND. Bakin USB na Pro Micro ba shi da ƙwari, yana ɓallewa, ka zuba mashi gam ka ɗaure kebul ɗin a katako. Kuma in kwamfuta ta ƙi ganin allon, kafin ka ce ya mutu canza kebul, da yawan na cajin waya wuta kawai suke kaiwa.

Gwaji: a Windows danna maɓallin tuta da R, rubuta joy.cpl, za ka ga sandarka, ka motsa komai ka ga yana amsawa. Sannan ka shiga manhaja ka yi saiti, ka kai kowane abu ƙarshenshi biyu ka sake shi a tsakiya.

Daga baya in ka so ƙarin maɓallai da fitilu da lambobin rediyo, sai ka ƙara Arduino Mega 2560 mai fil 54 da manhajar MobiFlight, kyauta ce kuma ba sai ka iya rubuta shiri ba. Amma wannan na gaba ne.

Mataki na shida: totur, feda da maɓallai

Totur ɗin Cessna sanda ce da ake turawa ciki a ƙara wuta, a jawo a rage, kanta baƙi. Kusa da ita akwai mai jan kai, ta daidaita mai da iska. Sandar firinta da bolim mai zamiya sun gama maka, ka matse sandar da guntun roba don ta tsaya inda ka bar ta. Kan kuma murfin jarka ne na yi ma fenti.

Feda biyu ne masu juya wutsiya da tayar gaba, in ka taka dama ta hagu ta dawo baya. Katako guda mai ƙusa a tsakiya kamar sikeli, feda a kowane gefe, bolim a tsakiyar, roba ta maido shi. Mutane na raina feda su ce sai daga baya, ni kuwa na ce ita ce ta biyu bayan sitiyari, don in babu ita ba za ka taɓa koyon riƙe jirgi bisa layin titi ba. Sai tayar tirim, wadda ke ɗauke ma hannunka nauyin jan sitiyari, ko da maɓalli biyu ne bisa mariƙi ka sa, na sama da na ƙasa.

Maɓallan allo, ka jera su yadda suke a jirgin gaske: babban ja na batir da janareto, famfon mai, fitilun waje, na kayan rediyo, sai makullin tada inji mai matsayi biyar da sandar filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa don sauka a hankali, mai digiri 10, 20, 30. Manyan maɓallai rami milimita 12 suke so, ƙanana 6. Amfanin duk wahalar nan shi ne hannunka ya san wurin kowane abu ba tare da ido ya bar waje ba, shi ya sa in ka kafe abu kar ka riƙa canza mashi wuri.

Mataki na bakwai: allo

Talabijin inci 32 ta isa, amma ka duba ta zama 1920 da 1080, da yawan masu arha 1366 da 768 ne, ba za ka iya karanta agogunan jirgi ba. Ka sa ta a yanayin wasa don hoto kar ya makara. Tsakiyarta daidai idonka, tazarar kamar santimita 70, a wannan tazarar faɗin ganin da ya dace a manhaja wajen digiri 55 ne, in ka buɗe shi da yawa titi zai yi maka kamar zare. Kar ka fara da allo uku, kwamfuta za ta durƙusa. Maimakon haka sa opentrack, kyauta ce, da ƴar kyamara tana bin kanka, ka waiga hagu hoton ya waiga. In kana da tsohon allon kwamfuta kuma, sa shi bayan falanki ka huda ramuka shida zagayayyu don agogunan gudu, karkata, tsayi, juyi, alƙibla da hawa ko sauka. Ranar da na yi wannan na daɗe zamne ina kallonshi kawai.

Mataki na takwas: wuta, zafi, ƙura

Wannan babu wanda zai gaya maka a bidiyon turawa. Wutarmu 220 ce amma tana hawa tana sauka tana ɗaukewa, to kar ka jona kwamfuta kai tsaye a bango, sa mata sitabilaiza da ondilar, mai riƙe wuta in ta ɗauke, ko ta minti biyar ce ta isa ka kashe lafiya. Ka sa mai lantarki ya yi maka wayar ƙasa ta gaske, in babu ita za ka ji ƙarfen sitiyari na ɗan cizonka kuma lambobin bolim ba za su natsu ba. In da hasken rana kake aiki, laftof mai katin hoto ta fi sauƙi, cinta bai kai na babbar kwamfuta ba.

Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ni a lokacin sai bayan isha'i ko bayan asuba nake tashi. Sa HWMonitor ka riƙa duba zafin ciki, in ya doshi 90 ka tsaya, a canza man da ke tsakanin guntu da abin sanyayawa. Kar ka kulle kwamfuta cikin akwatin katakon don kyau, kuma ɗaga ta daga ƙasa. Bakin da iska ke shiga ka rufe da guntun gidan sauro ninki biyu, duk sati biyu da hunturu ka hure ta, ka riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa. In ka gama tuƙi lulluɓe komai da tsohon zane.

Tashin farko

A wurin neman fili rubuta DRRM, filin jirgin Maradi kenan. Yamai DRRN, Damagaram DRZR, Tawa DRRT, Agadas DRZA, Kano DNKN. Agogon tsayi zai nuna ƙafa 1,200 da ƴan kai tun kana ƙasa, ba lalacewa ya yi ba, tsayin garin ne bisa teku. Jirgi na tashi yana fuskantar iska, da hunturu iskar daga arewa maso gabas take, to ka fuskanci gabas. Tura totur duka a hankali, jirgin zai ja hagu, taka fedar dama kaɗan, in agogon gudu ya nuna 55 ja sitiyari sannu, ka hau da wajen 75. In ka sa zafin bazara a saitin yanayi za ka ga ya ƙara cin titi kafin ya ɗaga, don iska mai zafi ba ta da kauri, haka yake a gaske.

Ka yi ta zagayen fili a ƙafa 1,000 sama da ƙasa kana sauka da gudu 60 zuwa 70 har sai ka yi goma a jere ba ka fasa taya ba. Wannan ba lasisi ba ne, mai son aikin gaske sai makaranta irin ta Zariya da likita da malami a gefenshi, amma abin da ka koya a nan ba zai ɓace ba. In saukarka ta natsu sai ka ɗauki hanyar Damagaram, kilomita 200 da kaɗan ne ta sama, kusan awa guda. Sa alƙibla wajen digiri 80, ka hau ƙafa 5,500, ka ɗan jawo jar sandar nan har ƙarar inji ta daidaita, ka riƙe kwalta a gefen tagarka ta hagu kana ƙirga garuruwa, Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita. In ka wuce Takeita fara rage totur.